Na Canza wa Kaka Ƙarshen Labari

Ana gab da magariba na kashe murhu, na ce wa Tsigi ta sa takalmi mu je madaba'a. Baba Mai Inji ya bugo waya tun la'asar cewa littafin ya fito, saura yankan gefe kawai. In ina so in gani kafin motar makarantu ta kwashe da safe, to in hanzarta, shi ba ya kwana a shago.

Tsigi 'yata ce, ita kaɗai Allah Ya ba ni. Shekararta shida da 'yan watanni. Jiki ba auki, amma baki kamar an ba ta aron na mutum uku. A makon ne haƙoranta biyu na gaba suka zube, karatu kuma ya fara zama mata, duk allon da muka wuce a hanya sai ta tsaya ta karanta shi da ƙarfi ta cikin giɓin nan.

Ni littattafan yara nake rubutawa. Na yi bakwai, duk na kaza mai son zuwa makaranta da jaki mai mantuwa da ire-irensu. Na takwas ɗin nan daban yake, domin labarin ba nawa ba ne. Na Kaka ne, mahaifiyar babana.

A gidanmu akwai labari guda da ake ba kowane yaro kafin ya yi famfara, wato kafin haƙoran yarinta su zube. Ba a tara yara a ba su. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga ɗakin Kaka, a rufe ƙofa. Za ka same ta da guntun icce a gabanta da tsohuwar adda a gefe, sai ta ce ka ɗora hannunka kusa da iccen. Sannan ta fara labarin Mai Roƙon Hannu.

Wani abu ne da ke zaune a tsagar bango. Yana magana da muryar tsoho mai ban tausayi: "Yarinya, na faɗi. Ba ni hannu in tashi." Ba ya iya taɓa kowa sai an miƙa masa. In an miƙa kuwa ba ya saki. Ja zai yi ta yi, tsagar kuma ko kan ɓera ba ya wucewa, don haka gunduwa-gunduwa mutum yake shiga. Daidai nan Kaka take cafke maka wuyan hannu ta matse, ta ci gaba da matsewa har uwar yarinyar cikin labarin ta iso. Sai ta sa ka maimaita abin da uwar ta yi, sau uku, kana kuka kana faɗa: "Ba a ja. A ba shi babba ya saki ƙarami. Sannan ƙarfe, sau ɗaya." Kana rufe baki addar za ta sauka a kan iccen, tazarar yatsa biyu da hannunka.

Ranar da aka yi min na jiƙa zanena. Yayata ta yi shekara tana min dariya, shatin yatsun Kaka kuma ya yi kwana uku a hannuna. Ina son tsohuwar nan, a bakinta na koyi yadda ake ja wa mai sauraro rai, da inda ake yin shiru, da inda ake rage murya. Duk abin da na iya a rubutu nata ne. Amma wannan labarin ban taɓa yafe mata shi ba, kuma na yi rantsuwa ɗan da na haifa ba zai zauna gaban iccen nan ba.

Da Kaka ta rasu, Gwaggo, ƙanwar babana, ita ce ta gaji addar. Tun Tsigi na shekara huɗu take damuna a waya in kawo mata yarinya. Ina cewa to, ina yin kunnen uwar shegu. Kiranta na ƙarshe ta tambaye ni kai tsaye ko haƙoran sun zube.

Na ce, "Gwaggo, zamani fa ya canza. Yanzu ba a tsorata yara."

Ta ce, "Zamani ya canza, bango ya daina tsagewa ne?"

Na yi dariya na ajiye wayar.

Ba zan ɗora wa edita laifi ba. Ya dai ce jinin ya yi yawa, amma kafin ya faɗa na riga na ƙudurta gyarawa. A littafina yarinyar ta miƙa hannu, abin ya fito, ashe tsoho ne da kaɗaici ya dama, suka zama abokai. Mai zane ya yi masa kumatu da murmushi. Na ji daɗin kaina sosai. Gani nake na wanke wa Kaka labari na shanya.

Madaba'ar tana ƙarshen wani layi na masu walda da masu gyaran firiji, duk sun rufe. Ɗaki ɗaya ne dogo, ƙwan fitila ɗaya mai tsawo a sama, fanka na juyawa tana ƙara kamar tana ƙorafi. Warin tawada da gam da kananzir ya cika ko'ina. Littattafaina na jibge a kan katako har ƙirjina.

Baba Mai Inji dattijo ne, tawada ta zauna masa a farce har ba ta fita. Yana ganin Tsigi ya ce, "Ke, ɓera ne ya kwashe miki haƙora?"

Ta leƙa bakinsa ta ce, "Kai ma ai ya biyo ta wajenka."

Ya yi dariya har da tari. Ya zaro littafi ɗaya ya ba ta, ta zauna a kan ɗaurin takardu. Ni kuma ya kai ni wajen injin yanka, yana so in ga yadda gefen zai fito. Tsohon inji ne na hannu. Tebur ne na ƙarfe, wuƙa mai tsawon kamu biyu tana rataye a tsakiyarsa, sandar da ake dannawa tana sama ta dama. Ya nuna min wata 'yar sakata a gindin sandar.

"Sai an zare wannan take sauka. Ni na sa mata da kaina. Wuƙar nan ba ta san ɗan gida ba."

Tsakanin injin da bango akwai ɗan fili, kamar taku ɗaya. A bangon akwai tsaga, daga ƙasa har tsayin gwiwa. Na gan ta. Ba zan ce ban gan ta ba. Ya ce tun da aka yi ginin maƙwabta ta fito, yana ta cewa zai sa a shafe.

Aka kira salla. Ya ɗauki buta ya zagaya famfon baya. Na tsaya ƙarƙashin fitila ina duba shafuka, Tsigi na karatu a bayana, harafi bayan harafi, tana cin gyaran kanta. Ina jin ta ta kai shafin ƙarshe.

"Sai ya-rin-ya ta mi-ƙa ma-sa han-nu. Tun da-ga ra-nar ba su sa-ke ra-bu-wa ba."

Fanka ta tsaya.

Wuta ba ta ɗauke ba, fitila na ci. Fankar ce kawai ta tsaya cak, ba ta ko yi ragowar juyin nan ba. Ƙarar motocin titi ta yi nisa, kamar an toshe min kunne da auduga. Sai wani wari ya danne na tawada, warin ƙasa mai laima, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Na ji murya. Ƙasa-ƙasa, tana rawa.

"Yarinya. Na faɗi."

Shekara talatin rabon da in ji kalmomin nan, kuma a bakin Kaka kaɗai na taɓa jin su.

"Ba ni hannu in tashi."

Na juya. Littafin na kan ɗaurin takardu a buɗe. Tsigi ba ta wurin.

Tana bayan injin, a durƙushe gaban tsagar. Ta waiwayo tana murmushi da giɓinta, ta rage murya kamar kada ta firgita baƙo.

"Mama, shi ne. Na cikin littafinki."

"Tsigi. Taso."

"Ya faɗi ne, Mama."

"Na ce ki taso!"

Ta ce, "Sannu, Baba Tsoho," ta miƙa hannu.

Abin da ya fito daga tsagar ya fito ne a baje kamar takarda, sannan ya kumbura. Yatsu biyar, toka-toka, kowanne ya ninka nawa tsawo. Ba farce. Suka naɗe hannunta har gwiwa.

Ya ja.

Fuskarta ta bugi bango. Ihun da ta yi ban taɓa jin irinsa daga bakin ɗan adam ba.

Na faɗa bayan injin, na rungume ƙugunta, na ja da duk ƙarfina. Abin da kowace uwa za ta yi ke nan, kuma shi ne abu na farko da aka ce kada a yi. Yatsun suka ƙara matsewa. Na ji wani abu ya ce ƙas a kafaɗarta, na ji shi a cikin ƙirjina. Hannunta ya yi tsawon da bai kamata ba.

Baba Mai Inji ya shigo da gudu, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Bai tambayi komai ba. Ya suri guduma ya hau dukan abin yana salati. Sau ɗaya, sau biyu. Kamar yana dukan jiƙaƙƙen buhu. A na uku damtsen ya ƙara fitowa daga bango, ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa, ya make shi a ƙirji. Dattijon ya tashi sama. Kansa ya haɗu da kusurwar teburin ƙarfe, ya zube, jini ya malalo ta bayan kunnensa ya bi ƙasa.

Yatsun Tsigi sun fara shiga tsagar.

Ina kallo. Fatar bayan hannunta tana tattarewa a bakin siminti, tana saluɓewa. Ta daina ihu. Numfashi kawai take ja, guntu-guntu, idonta a kaina.

"Mama," ta ce a hankali. "Ba ya saki."

Wuyan hannuna na dama ya ɗauki zafi, daidai inda Kaka ta matse. Bakina ya fara motsi ban sa shi ba.

Ba a ja.

Na sake ta. Wallahi sakin nan ya fi komai wuya a rayuwata. Ta kalle ni kamar na jefar da ita.

A ba shi babba ya saki ƙarami.

Na zagayo gaban injin. Littattafan da ke ƙarƙashin wuƙar na watsar da su ƙasa. Na ɗora hannuna na dama a kan teburin, tafi a sama, ta ɓangarena, yadda sai ya ratso ƙarƙashin wuƙar kafin ya same ni. Ƙarfen ya yi sanyi.

"Ga nawa," na ce. "Ya fi girma. Na ba ka."

Shiru.

Ɗigar famfo a baya. Numfashin Tsigi.

Sai yatsa ɗaya ya ɗaga daga hannunta. Sannan na biyu. Da na ƙarshe ya saki, ta sulale ƙasa kamar tsumma.

Hannun ya hau teburin. Yana tafiya a kan yatsunsa, yana tsayawa, yana shinshinar ƙarfe ba hanci. Damtsen na biye da shi daga bango, gwiwa bayan gwiwa. Na ƙirga uku na daina.

Ya ratso ƙarƙashin wuƙar.

Ya saƙa yatsunsa cikin nawa, ɗaya-ɗaya, a hankali, kamar mai gaisuwa. Sanyi da danshi, kamar ɗanyen nama.

Wuyan hannunsa na daidai bakin wuƙar. Na miƙa hagu na kama sandar, na danna.

Ba ta motsa ba.

Sakata.

Ya fara ja.

Na tsallaka hagu ta kan damtsena ina lalube. Gumi ya sa yatsuna na zamewa. Hannuna na tafiya a kan teburin, ina jin ƙasusuwan tafina suna gugar juna. Cikina ya manne da ƙarfe. Na sami sakatar, ta ƙi. Na finciko ta, farcena ya tafi tare da ita.

Na duba. Wuyan hannunsa ya riga ya wuce. Abin da ke ƙarƙashin wuƙar yanzu yatsunmu ne, nasa da nawa, a sarƙe.

Daga bango muryar ta ce, cikin jin daɗi, "Yauwa, 'yata. Taho."

In na jira numfashi ɗaya, wuyan hannuna ne. In na jira biyu, damtse. In ya gama da ni kuma, tana nan kwance a gindin tsagar.

Sannan ƙarfe, sau ɗaya.

Na yi bismilla na rataya a sandar da duk nauyina.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an datse ɗanyen rake.

Bangon ne ya yi ihu. Duka bangon, daga ƙasa har rufi. Damtsen ya yi sama yana feshin wani abu baƙi mai kauri, ya fasa fitila, ya rushe tarin littattafai, ya koma tsagar yana bugun duk abin da ya samu. Gilas ya zubo min a ka.

A ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa na ga teburin. Guntaye takwas. Biyar suna motsi, suna jan jiki zuwa bango. Uku ba sa motsi.

Ban ji zafi ba tukuna. Na naɗe hannun da mayafi, na saɓi Tsigi a kafaɗa, na kama wuyan rigar dattijon da hagu na ja shi a ƙasa. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. A bakin ƙofa na ji wani abu ya shafi diddigena, ban waiwaya ba.

A waje mutane na dawowa daga masallaci, suna hirarsu. Wani mai kanti na ɗaga ƙyaurensa. Ba wanda ya ji komai.

A asibiti muka ce hatsarin inji ne, suka rubuta haka. Dattijon ya farfaɗo bayan kwana biyu. Yana iya tsayawa ya sa aka cika tsagar da siminti, ya loda littattafan a tsohuwar ganga ya cinna musu wuta, ko ɗaya bai kai makaranta ba. Ni na roƙe shi. Daga nan ya sayar da injin ya bar layin.

Gwaggo ta zo ranar ta uku. Na shirya wa faɗa, ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gado, ta ɗaga hannuna da aka naɗe ta juya shi.

"Nawa?"

"Uku."

"Uwar Kaka ma uku ta bayar."

Na ce, "Ba a taɓa faɗa mana haka ba."

"Ba a faɗa wa yara. Labarin biyu ne. Rabin yaro, rabin uwa. Ranar da uwa ta kawo nata, in an gama da yaron sai a ce ya fita, ita ta zauna." Ta ajiye hannun a hankali. "Rabin naki gajere ne. A shirya ƙarfe tukuna, sannan a miƙa hannu. Shi ke nan abin da nake ta kiranki in gaya miki."

Na juya fuska bango na yi kukan da ban yi ba a madaba'a.

Yanzu da hagu nake rubutu, kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Na sake rubuta labarin yadda Kaka ta bar shi, da matsa da adda da komai. Edita ya karanta ya dawo min da shi, ya ce ba uban da zai saya wa ɗansa wannan. Ban yi musu ba. 'Ya'yan yayata da jikokin Gwaggo dai duk sun ji shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma ni ce nake rufe ƙofar.

Kafaɗar Tsigi ta koma, fatar ta warke ta bar tabo. Sababbin haƙora sun fito. Tana karatu, amma a zuci. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, har na fara gaya wa kaina yara suna mantuwa.

Wata takwas bayan haka muka tsaya za mu tsallaka babban titi, da rana tsaka, motoci na wucewa. Ban yi tunani ba na miƙa mata hagu na ce, "Kawo hannu."

Ta mayar da hannayenta biyu baya. Ta ɗago ta dube ni, ba fushi, ba kuka.

"Mama, ke kika rubuta a ba shi hannu."

Motoci suka tsagaita, suka sake tasowa, muna tsaye. Can ta matso ta kama bakin mayafina da yatsa biyu, muka tsallaka a haka. Yau shekara huɗu ke nan, haka muke tsallakawa.